Gyaran gidan haya: na mai gida ne ko na ɗan haya? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu gidajen haya suka fi yi, wasu ma 'yan hayan ne ke kawo su, musamman in damina ta kama ko lokacin sabunta kuɗi ya zo. Na fi yin maganar ne da yadda ake haya a Kano, Kaduna, Zariya da Abuja, inda kuma na kawo dokar Legas zan faɗa cewa ta Legas ce don kar wani ya ɗauka ya je yana kafa hujja da ita a Sakkwato.

Wai a taƙaice, wane gyara ne ya hau kaina, wane ne na ɗan haya?

Duk abin da yake jikin gida ne, wanda ko ɗan haya ya tashi gobe yana nan a matsayin dukiyarka, toh naka ne. Rufi, silin da ruwa ya ci, bango da ya tsage, katanga, get, indararo, sokawe da ya rufta, wayarin na cikin bango, bututun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, tanki, bohol. Abin da amfanin yau da kullum ke cinyewa kuma na mai zama a ciki ne: ƙwan lantarki, kan famfo da ya saki, makullin da ya ɓatar, soket ɗin da ya ƙona da hita, gilashin da yaransa suka fasa da ƙwallo, kwatar kicin da ta toshe da tsakin shinkafa da maiƙo.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani abu da lauyoyi ke warewa, wato tsufan da kaya ke yi da kansa ko da an kula da shi. Ƙofar katako da ta shekara goma rana na dukanta ta bushe ta tsage ba laifin kowa bane, ba za ka ɗora wa wanda ya shigo bara ba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta rubuta wannan rabon ƙarara, ta ce wajen gida da wuraren da ake haɗaka gyaransu na mai gida ne, ɗan haya kuma ya riƙe ciki da kyau ban da tsufan da ba makawa. A Arewa yawanci yarjejeniya da al'adar gari ake bi, amma in ka duba kusan nan ɗin dai ake dawowa.

Mu da baki muka yi, ba takarda. Akwai matsala ne?

Babu matsala har sai ranar da matsala ta zo. Hayar baki haya ce, kotu ma tana karɓa in akwai rasit ko shaidu ko alat na banki, amma ranar da samo, wato injin jan ruwa na bohol, ya ƙone kowa zai tuno maganar ne yadda ta yi masa daɗi, kai ka ce ai na faɗa maka ruwa naku ne, shi ya ce wallahi ba a yi haka da shi ba, dillalin da ya haɗa ku kuma ya karɓi la'adarsa tun bara ya kashe waya.

Ba sai ka ɗauki lauya ya rubuto shafi goma da Turancin da ku biyun ba ku gane ba. Takarda ɗaya da Hausa ta isa ƙaramin gida: sunayenku, ranar shiga da ranar ƙarewa, nawa ne kuɗin, wa ke biyan wuta da ruwa da kwasar shara, wa ke yashe masai, wane gyara ne sai an nemi izini, wata nawa ne notis. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali mai unguwa ya sani. Sannan ranar ba da makulli ku zaga gidan tare da waya a hannu kuna ɗaukar bidiyo, a buɗe kowane famfo, a kunna kowane makunni, a ɗauki lambar da ke kan mita, a tura wa juna ta WhatsApp. Aikin minti 15 ne.

Rufi yana yoyo, ɗan haya sai kira yake, ni kuma kuɗin shekarar da ya biya na riga na kashe. Ya zan yi?

Alhaji wannan ita ce asalin cutar, kuma kusan duk rigimar gyara daga nan take tasowa. Ana karɓar kuɗin shekara a dunƙule, a sati biyu an yi kuɗin makaranta, an sayi buhun masara, an kai gudummawar biki, sai a wayi gari a watan Yuli ruwa na zuba kan katifar mutum kai kuma ba ko sisi na gidan a hannunka. Shi ɗan haya a ganinsa ya biya, kuma gaskiyarsa ne, don abin da ya saya wurin kwana ne da ruwa ba ya dukansa.

Na yanzu dai nemo kuɗin za ka yi, ko ka zauna da shi ku yi yarjejeniya ya gyara a cire a kuɗin baɗi, a rubuce. Kar ka ce masa "a yi haƙuri damina ta wuce". Yoyo ba ya jira. Yau ƙusa ɗaya ce ta saki ko kwano ɗaya iska ta ɗaga, kafinta zai hau ya buga ya liƙe da ɗan kuɗi kaɗan, in ka bar shi zuwa Satumba katakon ƙarƙashi ya sha ruwa ya ruɓe, silin ya kumbura ya yi baƙi ya faɗo, ruwan ya bi bango ya shiga bututun wayarin, abin da za ka kashe ya ninka sau nawa, ga tsadar kaya tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, siminti kaɗai a farkon 2024 sai da buhu ya haura naira 10,000.

Na gaba kuma, duk ranar da kuɗin haya ya shigo ka cire wani abu ka ajiye gefe kafin ka taɓa sauran, ni a ganina kashi 10 cikin 100 ba yawa bane ga gidan da bai tsufa ba, tsohon gida ko ginin ƙasa ya fi haka. Kuma lokacin hawa rufi bazara ne, Maris zuwa Afrilu, kafin iskar farkon damina, ita ce mai kwashe kwano. A duba ƙusoshi, a share indararo daga ledoji da ƙasar da hunturu ya tara, gida mai rufin kankare kuma a duba inda ruwa ke kwanciya a saman.

Fenti fa?

Kafin sabon ɗan haya ya shiga, naka ne. In yana ciki ya ga yana son canza kala don biki ko haihuwa, nasa ne, amma ya tambaye ka. Fentin waje naka ne ko yaushe.

Masai ya cika, wa zai kira mota?

Nan ana yawan musu. Abin da aka fi yi, kuma ni ma shi nake ganin adalci, in ramin a yashe yake lokacin da 'yan haya suka shiga, su suka cika shi, su za su haɗa kuɗin motar. In kuma tun shigarsu a cike yake saura kaɗan, wata uku ya tumbatsa, toh na waɗanda suka tashi ne ka gada, kai za ka biya na farko. Amma in sokawe ne ya rufta ko murfinsa ya fashe ko tun asali an haƙa shi ƙarami ga gida mai ɗaki takwas, wannan gini ne, ba ruwan ɗan haya. A unguwannin da ruwa ke kusa da sama za ka ga ana yashewa yau, bayan ruwan sama biyu ya sake cikowa, wannan ma ba cin 'yan haya bane, ruwan ƙasa ne ke shiga ramin, sai dai a gyara ginin.

Dan Allah kar a bar murfin sokawe a fashe a gidan da ke da yara ko na kwana ɗaya, kar a ce an ɗora langa-langa an danne da dutse.

Ƙasan bango duk ya jiƙe, fenti na ɓarewa, filasta na zuba kamar gari. Na ce shi ya lalata, ya ce ba shi bane.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. In jiƙar daga ƙasa ta taso ta tsaya kamar daidai gwiwa ko ƙugu, ga wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, toh danshi ne ke hawowa daga tushen gini, galibi don ba a shimfiɗa leda ba lokacin da ake zuba daɓen farko, ko kuma an cike titi ya fi gidan tudu ruwa na kwanciya a gindin bango. Ko waliyyi ka saka a gidan haka zai yi. In kuma gefe ɗaya ne kawai daidai bayan banɗaki, a duba bututu a cikin bangon, ko tayil ɗin da ruwa ke bi ta tsakaninsa. Inda za ka kama ɗan haya shi ne in matarsa na wanki tana sheƙa ruwa a jikin bango kullum, ko ya kafa tanki yana ambaliya ya ƙi sa masa abin tsayarwa. Ka kai birkilan da ba ruwansa da ku biyun ya duba kafin ka fara faɗa.

Ya yi gyara da kuɗinsa bai gaya min ba, yanzu ya ce zai cire a kuɗin haya. Dole ne in yarda?

Ba dole bane in bai sanar da kai ba. Ƙa'ida ita ce ya faɗa maka, ku yarda da farashi, sannan a yi aiki a ajiye rasit. In ba haka ba kowa zai kawo ƙaninsa mai gyaran famfo ya rubuto abin da ya ga dama.

Amma ka tambayi kanka tukuna, ya kira ka ka ɗauka? Don akwai masu gidan da in lokacin karɓar kuɗi ne wayarsu na shiga ko ƙarfe nawa, in maganar gyara ce kullum suna kan hanya ko suna wurin ta'aziyya. Mutumin da bututu ya fashe masa cikin dare ruwa na shiga ɗaki, ya kira sau uku ya tura saƙo ba amsa, ya nemo mai gyara da safe, wannan ceton gidanka ya yi, ka biya shi ka ƙara da godiya. Hanya mai sauƙi ita ce ku yanka wani adadi tun farko, a ce duk gyaran gaggawa da bai wuce kaza ba ya yi kawai ya turo hoto da rasit, wanda ya wuce sai ya jira amsarka, kai kuma ka ɗaure kanka da cewa za ka amsa cikin kwana biyu.

Ya sa tayil, ya sa ƙofar ƙarfe da raga a tagogi, yanzu zai tashi yana neman kuɗinsa.

Da izininka ya yi? In ka yarda masa, musamman a rubuce, kuma kai ne ka tashe shi kafin ya mori abin, yana da bakin magana, dokar Legas ma ta ba irinsa damar neman diyya. In don jin daɗinsa ya yi ba tare da ya tambaya ba, ba ka da bashinsa. Abin da zai ciru ba tare da ɓarna ba, irin su fanka, esi, labule, sola da batir, ya kwashe kayansa ya toshe ramukan da ya huda. Tayil kam ba a cirewa, in ya ce sai ya farfasa don haushi toh ya koma mai ɓarna. Ni dai in aikin ya ƙara wa gidan daraja har za ka ƙara kuɗi a kan mai shigowa saboda shi, ka ba shi wani abu, ko rabi ne, ku rabu lafiya.

Maganar wuta: mita, bashin baya, wayarin.

Kar ka ba da gida da bashin wuta a kai ka yi shiru. Sabon ɗan haya zai je ya sayi kati ya ga an zaftare masa wani kaso na bashin wanda ya tashi, ko ma'aikatan kamfanin wuta, KEDCO ko Kaduna Electric ko AEDC, su zo da tsani su yanke, daga ranar ya daina yarda da kai. Kafin kowa ya tashi a duba asusun mitar, ya biya nasa, sannan ka karɓi makulli.

In da hali kowane sashe ya samu mitarsa ta kati. Gidan da mutum shida ke kan mita ɗaya rigima ba ta ƙarewa, wannan na da firiza, waccan na girki da hotfilet, wancan gwauro ne ƙwai ɗaya da cajin waya amma a ce a raba daidai, balle tunda aka ɗaga kuɗin 'yan Band A, masu layin da ya fi samun wuta, a watan Afrilun 2024. In mitar kamfani ta yi wuyar samu, ana sa ƙananan mitoci na cikin gida don a san abin da kowa ya sha. Kuma ka gaya masa tun farko ba a yin baifas, wato jan wuta ta bayan mita, a gidanka, don in aka kama, gidanka za a rubuta.

Wayarin na cikin bango naka ne, kuma shi ne gyaran da ban yarda a ɗaga ba ko na sati. In ya ce soket na zafi, ko yana jin ƙaurin roba, ko famfon banɗaki na jan mutum, a kashe wutar a kira mai gyara a ranar. Gobarar hunturu da yawa daga siririyar waya ce da aka ɗora wa hita. Taransifoma da turakun layi kuwa hukumar kula da lantarki ta NERC ta sha faɗa cewa na kamfanin rarraba wuta ne, ko da yake mun san yadda ake karo-karo a unguwanni, in an yanka wa kowane gida toh ku yi magana ku raba, kar ka tura wa ɗan hayan da saura wata biyu ya tashi shi kaɗai.

Samo ya ƙone, wa zai saya?

Bohol da injinsa naka ne in da su ka ba da gidan, kuma da su ka yanka kuɗin haya. Wuta ko man da za a tayar da shi nasu ne. In ya mutu don tsufa ko wutar da ta zo da ƙarfi, kai. In sun bar shi yana aiki ruwa ya ƙare a rijiyar ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, kamar yadda ake yi a Afrilu da Mayu lokacin da ruwa ke yin ƙasa, sai a raba ko su saya. Mafita dai a damƙa wa mutum ɗaya kunnawa da kashewa.

Gidana ne, ba ni da ikon shiga in duba duk lokacin da na so?

A'a Alhaji. Gini naka ne, amma zaman ciki ka sayar masa na shekara. Ka sanar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka zo, da rana, kuma lokacin da shi ɗan hayan yake nan. Ko babu wata doka, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba kai ke zaune a ciki ba sai da izini da sallama, balle gidan matan aure a ce ka turo lebura uku su faɗa tsakar gida tsakar rana mijin na kasuwa. Ajiye safayar makulli kana buɗewa in sun yi tafiya kuwa, ranar da wani abu ya ɓata kai za a fara kallo. Sau biyu a shekara ya isa dubawa, kafin damina da bayanta.

A addini, wajibi ne mai gida ya yi gyara?

Malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar haya a matsayin sayar da amfanin gida zuwa wani lokaci sananne da kuɗi sananne. Maganar da ta shahara a mazhabar ita ce ba a tilasta mai gida ya gyara, amma in lalacewar tana cutar da mai zama, kamar yoyo mai yawa ko rushewar ɗaki, ɗan haya na da zaɓi ya warware hayar ya fita, ba za a ci kuɗin sauran watannin da bai zauna ba. Kenan wanda ya ce "ba zan gyara ba kuma ba zan mayar da kuɗi ba" bai da mafaka a nan. In kuma kun sharɗanta gyara tun farko toh ya zama alkawari, Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, ga hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ga na hana cuta da cutarwa. In abin ya kai ga hukunci a je wurin malami ko alƙali da bayanin ɓangare biyu.

Ambaliya ko gobara ta ci gidan, ya ake yi da kuɗin da ya rage?

Ginin asararka ce, kayan ɗaki asararsa, sai dai in sakacin ɗaya ne ya jawo. In gidan ba ya zaunuwa ka mayar masa da kuɗin watannin da suka rage, ko ku tsayar da lissafi har a gama gyara ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Irin abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba wanda zai ce laifin mai gida ne ko na ɗan haya, amma ƙaramar ambaliyar unguwa sau da yawa kwatar ƙofar gida ce aka bari ta cika da leda, ita kuma sharewarta ta masu zama ce, ginata da gyaranta naka.

Ina son in ƙara kuɗin haya, komai ya yi tsada.

Haƙƙinka ne, amma ba a tsakiyar shekarar da ya riga ya biya ba, kuma ba saura sati ɗaya ba. Ka gaya masa saura wata uku ko fiye, ya samu damar shiri ko neman wani wuri. In ka tashi ƙari ka fara da gyara abin da ya daɗe yana ƙorafi a kai, mutum ya fi saurin yarda in ya ga birkila a gidan.

Ka kuma yi lissafi kafin ka kori mai biya a kan lokaci saboda wani ya yi maka tayin da ya ɗan fi. Gidan zai iya yin wata biyu a rufe, ga fenti, ga ƙananan gyare-gyare, ga wanda zai shigo ba ka san halinsa ba. Ɗan hayan da ke share kwata, ya kira ka tun tsaga na ƙarama, ya biya ba sai ka bi shi ba, ragin da ka yi masa kanka ka yi wa. Neman kuɗin shekara biyu a dunƙule kuwa, a Legas dokarsu ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya a yawancin unguwanni, a nan ko ba a hana ba takura ce, kuma kai ma shekara ta biyu za ka zauna ba ko kwabo gidan na neman gyara.

Ya ƙi biya ya ƙi tashi. In cire kwanon ɗakin ko in kira 'yan sanda?

Ko ɗaya. Cire rufi, cire ƙofa, sa kwaɗo, yanke masa ruwa da wuta, watso kaya waje, turo 'yan daba, duk wannan zai mayar da kai mai laifi alhali kai ke bin bashi, kotu za ta iya sa ka biya shi diyyar da ta fi kuɗin hayar. A Legas laifi ne da ke da tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. 'Yan sanda kuma dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kawai don bashi ko saɓa yarjejeniya.

Fara da zama. Ka gane wanda ba shi da shi da wanda ya raina ka ne, ma'aikacin da aka riƙe wa albashi ko ɗan kasuwar da ya karye daban yake da mai sabuwar mota a ƙofar gida yana ce maka gobe. Na farko a yi masa jinkiri a raba masa biya, Alƙur'ani ma ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. In zama bai yi ba a kai wa mai unguwa ko limami ko dagaci, a Kano mutane kan je Hisba ma a yi sulhu.

In duk ya ƙi sai notis a rubuce. A dokar Abuja, in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan sati notis ɗin sati ne, mai biyan wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara wata shida. In wannan ya ƙare bai fita ba sai a ƙara masa na kwana 7 cewa za ka kai shi kotu, sannan ka shigar da ƙara, ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum. Jihohi kowace da dokarta amma kusan haka suke tafiya. A nan kam ka nemi lauya, don kuskuren kwanan wata a takardar notis kan jawo a yi ta jan shari'a, kuma wannan wata shidan shi ya sa nake nacin a rubuta tsawon notis a yarjejeniya tun ranar shiga.

Ina zaune a wani gari, kiyateka ke kula min da gidan.

Toh ka ba 'yan hayan lambarka kai ma. Akwai masu amana sosai, akwai kuma wanda zai karɓi kuɗin gyaran rufi a wurinka, ya karɓa a wurin 'yan haya, ya sayi kwalta ta liƙi ya shafa shikenan, kai kana can kana zaton an canza kwano su kuma suna nan suna tsine maka. Kuɗin haya ya shiga asusunka kai tsaye, shi ka biya shi ladansa daban. Duk gyara a turo hoto kafin da bayan, kuma ɗan hayan da abin ya shafa ya tabbatar maka da bakinsa cewa an yi. Ɗan'uwa ne ma kiyatekan, haka za a yi, ka faɗa masa tun farko don kar ya ga kamar zarginsa kake.

Ni mace ce, gida ɗaya muke da 'yan hayana, kullum faɗa kan shara da wankin banɗaki.

Hajiya a yi jadawali a liƙa a bango, kuma ɗakinki ma ya shiga layi, ko yaranki su yi ko ki biya a yi. Inda ake samun matsala shi ne 'ya'yan mai gida su ɗauka su ba sa shara, igiyar shanya tasu ce, su za su fara ɗiban ruwa. Lokacin rufe get a yanka shi da shawarar kowa, mai aikin dare a ba shi makulli. Janareta a ajiye shi a fili nesa da tagogi, hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci. In faɗan yara ya tashi kar ki shiga a matsayin mai gida, in na mata ne kuma kar kalmar "ki tattara ki bar min gida" ta riƙa fita a bakinki duk sati, in kina nufin tashi ne ki yi magana da mijinta ta hanyar da ta dace.

Kuɗin ajiya da na karɓa saboda ɓarna, sai na mayar?

Eh mana, ai amana ce. Ranar fita ku fito da bidiyon ranar shiga ku zaga tare, abin da ya fasa a yi masa kuɗi a gabansa, bashin wuta da na ruwa a cire, sauran a tura masa cikin sati ɗaya ko biyu. Ba a cire kuɗin fentin da ya koɗe don shekaru, ba a cire na silin da yoyonka ya ɓata. In ɓarnar ta fi kuɗin ajiyar ka rubuta masa lissafi dalla-dalla da farashin mai gyara ya cika. Shi kuma ya share gidan ya kwashe tarkacensa, ya kawo makullai duka har da na get, kai kuma ka canza kwaɗon ƙofar waje kafin sabon ya shigo.